Wasiƙa daga Gadarif ta ƙasar Sudan zuwa Jidda

Gadarif,
27 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara, da duk jama'armu da ke Karantina. Mu nan lafiya ƙalau, sai sanyi da abin da ba a rasa ba.

Saƙon muryarka ya iso, kuma na kunna shi a ɗakin watsa shiri gaban su Dogo, waɗanda suka ce in gaya maka cewa mutumin da a da sai an zare masa wayar makirufo kafin ya yi shiru, yanzu gaisuwarsa ba ta cika minti guda. Ka tambayi yadda kasuwar dawa take bana, da ko a sayar da kasonka na gonar gado yanzu ko a dakata, kuma zan zo kan wannan a wani saƙon. Amma akwai abin da ya faru a gidan rediyonmu wanda ba zai shiga saƙon murya ba, shi ya sa na rubuta shi a takarda, na ba ɗan wan Hajiya da zai hau jirgin ruwa daga Sawakin zuwa umara.

Sanyin bana ya kama sosai. Iskar arewa tana tasowa tun kafin kiran sallar farko, baƙar ƙasarmu ta tsattsage, kuma tagar nan da ka yi alkawarin gyarawa kafin ka zama Alhaji har yanzu da buhu muke toshe ta. Dogo ne ke buɗe tasha bayan asuba, sanye da tsohon kwat ɗinka wanda hannunsa bai kai masa wuyan hannu ba, mai shayi kuwa ta matso da murhunta bakin ƙofa, don haka duk wanda ya zo aiki da ƙanshin zalabiya yake shiga. Shirin lafiya ya koma kan murar yara da tari, da kuma roƙon da muke yi kowace shekara cewa kada a kwana da garwashi a cikin bukkar ciyawa, domin ka san yadda wuta take yi a unguwanninmu idan ta samu iska.

Kai ka tafi kafin mu fara shirin cigiya. Ya samo asali ne a Fabrairun bara, lokacin da layukan waya da intanet suka ɗauke a faɗin ƙasa, alhali garin cike yake da mutanen da suka baro Madani bayan faɗuwarta hannun dakarun RSF da ke yaƙi da soja a Disambar 2023, kowa yana neman nasa. Da Sinja ta bi baya a ƙarshen Yunin 2024, jama'a suka biyo ta Dindir cikin damina, wasu a ƙafa, wasu a bayan tarakta, makarantu suka cika har baranda. Mutum zai zo da sunan ɗan'uwansa a guntuwar takarda, mu karanta da Hausa da Larabci, wani lokaci da Fillanci idan an samu mai fassara, mu faɗi makarantar da za a same shi. Shi ke nan shirin, babu kiɗa, babu ado.

To, akwai wata dattijuwa da ke zaune a ɗaya daga cikin makarantun nan, mutuniyar Mai Wurno ce da aure ya kai ta Sinja. Ta ce kakanta yana cikin waɗanda suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma idan ta buɗe baki ba za ka yi musu ba, domin Sakkwatancinta ya fi na wasu Sakkwatawan tsabta. Jikanta ne ya ɓace mata a cunkoson hanyar Dindir, saurayi wanda ita ta rene shi tun rasuwar uwarsa. Ba ta yarda wani ya karanta mata cigiya. Takan zauna a kujerarka mai ƙafa uku da rabi, ta kama makirufo da hannu biyu, ta kira shi da sunan yarinta, ta faɗi tabon lauje da ke ƙaurinsa na hagu, ta ce idan yana ji ya san inda take, sannan ta tashi ta gyara mayafi ta fita ba tare da ta dubi kowa ba. Tun damina take wannan sintiri, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai masu ganin ya kamata a lallashe ta ta haƙura.

A makon jiya da hantsi sai ga wata babbar mota shaƙe da buhunan dawa ta tsaya a bakin layi, wani yaro ya diro daga sama, ƙaiƙayi ya rufe masa gashi da gira. Ashe yana can wani kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, bayan Doka, ta hanyar Gallabat, yana yankan dawa. Ya ce suna zaune bakin wuta kafin gari ya waye, wani abokin aikinsa yana murɗa rediyo yana neman labarai, sai muryar kakarsa ta fito tar, har da tarinta. Aka aika makaranta aka kira ta. Da ta shigo ba ta yi kuka ba, ba ta ma yi magana ba. Ta durƙusa, ta ɗage masa ƙafar wando, ta shafa tabon da yatsa, sannan ta miƙe ta fara yi masa faɗa a kan yadda yake yawo cikin wannan jaura babu rigar sanyi. Dogo, wanda ka san halinsa, ya bar makirufo a buɗe, don haka rabin Gadarif ya ji faɗan, kuma har yamma mutane na aiko da riguna, har da wani bargo sabo fil a ledarsa.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne yadda muryarmu ta kai can, domin ka fi kowa sanin ƙarfin 'yar na'urarmu, wadda da kyar take fita daga gari. Yaron nan namu na Madani, wanda yaƙi ya raba da karatun injiniya a Jami'ar Jazira, shi ya warware mana. Ya ce a daren sanyi mai tsit ƙasa tana yin sanyi da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau samanta, sai wannan shimfiɗa ta tanƙwaro zangon FM ta dawo da shi ƙasa maimakon ya wuce sama, ya yi ta tafiya nesa har rana ta ɗaga ta gauraya iskar. Baba Liman ya ce shi dai ikon Allah ya gani, yaron ya ce ai shi ma bai ce wani abu daban ba, hanya kawai yake nunawa. Daga nan muka tambayi direbobi, suka tabbatar mana cewa da asuba suna kama mu a wuraren da da rana sai shuu.

Nan ne damuwata take, aminina. Sa'ar da muryarmu ta fi zuwa nesa ita ce sa'ar da baturanmu suka fi rauni. Biyu daga cikin huɗun sun mutu murus, waɗanda wani mai shago ya rantse mana sababbi ne, sauran biyun kuma suna numfashi ne kawai. Yini ya gajarta, ƙura tana rufe faifan sola komai shara, wutar gwamnati kuwa tun harin da aka kai tashar lantarki ta Shuwak a watan nan ba abin dogaro ba ce. Sai mu fara cigiya, kafin a kai sunan mutum na goma inbata ta soma ƙara, mu yi ta sauri kamar masu cin abinci a gidan biki da hadari a sama. Ga dubban ma'aikata a kambo-kambo har a gama girbi, da yawansu 'yan gudun hijira ne, kuma da zarar zafi ya shigo wannan dama ta wuce sai baɗi.

Mun yi taro ranar Juma'a, kuma an kai ruwa rana. 'Yan kasuwar da ke saya mana dizal sun ce safiya tasu ce, domin a lokacin ne manomi yake son jin kuɗin awon ardab na dawa da awon kintar na riɗi kafin ya ɗora kaya. Malamai sun ce tun kafuwar tasha da karatu ake buɗe ta. Wasu kuma suka ce tun da soja sun karɓe Sinja a Nuwamba, suka shiga Madani ranar 11 ga watan nan, jama'a za su koma gida, cigiya ta kusa ƙarewa. Ni ban yarda da wannan ba, domin wanda ya rabu da ɗansa a hanya shi ne na ƙarshen da zai yarda ya hau motar komawa. A ƙarshe aka tsaya a kan a buɗe da karatu gajere, cigiya ta biyo, farashi ya zo bayan rana ta hau faifai, sannan a kashe tasha bayan isha don a tara wutar asuba. Ka gane abin da wannan yake nufi: shirinka na gaishe-gaishen dare ya tafi hutu. Na ɗaga hannu na goyi baya, kuma ina sanar da kai da kaina kafin magulmata su riga ni. Matan unguwa sun fi kowa fushi, sai kuma tsohon nan da kullum yake gaishe da surukansa goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya.

Af, tun da na ambaci mata, ƙanwar Dogo da ke gabatar da shirinsu ta yi fice a Disamba, lokacin canjin takardun fam 500 da 1000, domin ita ta zauna ta yi wa tsofaffi bayanin buɗe asusu da Bankak, manhajar banki ta waya, dalla-dalla har suka daina ɓoye kuɗi a tukunya. An lura cewa duk ranar shirinta miksa takan lalace, injiniyanmu kuma yakan daɗe yana gyara abin da babu wanda ya ji ya ɓaci. Goggo ta riga ta fara tambayar asalinsa. Ni addu'ata abin ya tabbata, kuma ba don Allah kaɗai ba, domin iyayensa suna shirin komawa Madani, idan ya bi su kuwa babu wanda ya san inda wayoyin bayan teburin nan suka dosa. Na sa yara biyu su riƙa zama kusa da shi da littafi suna rubuta duk abin da ya taɓa.

Yanzu ga roƙona. Kada ka yi tunanin sayen batura a can, nauyinsu da kuɗin dakonsu sun fi ƙarfinmu, kuma ana samunsu a nan. Ka karanta wannan takarda a zaman zumuntarku na daren Juma'a, musamman labarin dattijuwar, ka tattara abin da ya samu, ka turo ta Bankak zuwa ga ma'ajinmu, wanda zai aiko maka da hoton rasit. Batura biyu masu amfiya 200 muke bukata, kuma muna so su iso kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama a farkon Maris. Wanda ya ba da mai tsoka za a gaishe shi a iska, idan shirinka ya dawo daga hutu.

Dattijuwar ta ce ba za ta koma Sinja ba sai yaron ya karɓi kuɗin aikinsa a kambo, kuma a halin yanzu ita ke tsare ƙofa lokacin cigiya, tana jera masu takardu a layi. Baba Liman yana gaishe ka, ya ce turaren da ka aiko ya ƙare. Dogo ya ce kwat ɗin ya zama nasa. Ka gaishe da uwargida da yara.

Wassalam.

Naka,
amininka na ɗakin watsa shiri.