Zuwa ga Alhajin da ya tambaye ni amfanin bin sawun namun dawa

Assalamu alaikum, Baba Alhaji.

Ranar Asabar da ka bugo waya a shirin rediyon nan, lokaci ya ƙure, mai gabatarwa sai nuna min agogo yake yi. Ka ce kai dillalin shanu ne a Zango, kuma tambayarka biyu ce: me ya haɗa mutumin Kaduna da wani farin beyar da ke can ƙarshen duniya cikin ƙanƙara, sannan da wane ido zan dubi makiyayin da kura ta farke wa maraƙi in ce a kare ta? To, ranka ya daɗe, ga amsar da na ci bashinka.

Farin beyar abincinsa wata dabbar ruwa ce mai kitse da ake kira sil. Kwanto yake mata a kan ƙanƙarar teku, a bakin ramin da take leƙowa ta sha iska. In ƙanƙara ta narke, kasuwa ta watse ke nan, sai ya hau tudu ya shiga azumin dole. Yanzu kuwa ɗumamar yanayi ta sa tana narkewa da wuri, azumin yana ƙara tsawo.

Ba a zaune aka gano haka ba. A kusa da garin Churchill na Kanada, an fi shekara 40 masu bincike suna bin fararen beyar da jirgi mai saukar ungulu, a harba musu allurar barci, a auna nauyi, a cire ɗan ƙaramin haƙori don sanin shekaru, kusan yadda kake buɗe bakin sa kafin ka yi tayi. Mata kaɗai ake rataya wa na'urar bin sawu, don namijin wuyansa ya fi kansa kauri, sai ya suɓule ta. Da wannan wahala aka san cewa na yankin sun ragu daga wajen 1,200 a shekarun 1980 zuwa 618 a ƙidayar da aka yi daga jirgin sama a 2021. Tun 1973 ma Amurka da Tarayyar Sobiyet, duk da gabar da ke tsakaninsu, suka zauna da Kanada da Norwe da Denmak a Oslo suka taƙaita farautarsa.

Abin da ke cin raina shi ne, su sun san garkensu, mu ba mu san namu ba. Kai ba za ka yarda yaro ya dawo daga kiwo ba ka ƙirga ba. Binciken da aka fitar a 2014 ya leƙa gandun daji 21 a Afirka ta Yamma, aka tarar da zaki a 4 kacal, jimillarsu wajen 400. Biyu daga ciki namu ne, Yankari da Kainji. Ga Kamuku nan a Birnin Gwari, gandun ƙasa tun 1999, amma a halin tsaron yau, ɗalibin da zai shiga ya ɗaure kyamarar ƙirga namun dawa a bishiya sai ya bar wasiyya.

Batun kura, ba zan ce wa makiyayi ya yi haƙuri kawai ba. Maraƙi dukiya ne. Abin da nake tsoro shi ne gubar da ake barbaɗa wa mushe. Kura ɗaya ake nufi, amma ungulu da dila da karnuka duk su ci. Yaushe rabonka da ganin ungulu sun yi layi a kan rufin mayankar Tudun Wada? A Indiya, maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu. Mushe ya zama na karnukan titi, suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, har gwamnati ta hana ba dabbobi maganin a 2006.

Kuma binciken nan yakan dawo wa mai shanu da riba. A Botswana an zana wa shanu idanu biyu a ɗuwawu da fenti, don zaki ba ya son faɗa wa abin da ya gan shi. Cikin 683 da aka zana wa, ko ɗaya zaki bai kashe ba a shekara huɗu, alhali an rasa 15 cikin 835 da aka bari haka. Na san za ka yi dariya, ni ma na yi. Sai dai dabarar ta mai kwanto ce, zaki da damisa. Kura korar dabba take yi, maganinta shinge mai ƙarfi da dare.

In akwai makiyayi cikin mutanenka da damisa ta dama, ka haɗa ni da shi. Zan zo Zango ran kasuwa, kuɗin fentin a wuyana.

Naka,
malamin ilimin dabbobi, Kaduna