Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Mai Girma Kwamishinan Muhalli na Jihar Jigawa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Muna roƙo ne kan kududdufai da fadamun bakin gari da ake son mayarwa wuraren shaƙatawa. Kada a fara da siminti da jerin darbejiya. A fara da ruwa.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗeja ya daina ja da baya sosai da rani, ciyawar kachala kuwa ta samu gindin zama har ta toshe hanyoyin ruwa. Haka take yi wa duk kududdufin da kwata ke zuba cikinsa. Don haka a karkatar da kwatar, a kwashe leda, sannan a yanke kachala ƙasa da saman ruwa da kamar taƙi guda, domin saiwarta ta rasa iska ta ruɓe. Yanka ɗaya ba ya kashe ta. Sai an maimaita sau biyu ko uku kafin ta mutu. Ƙona ta da rani aikin banza ne, saiwar na nan da ranta.

Gaɓar da masu haƙar ƙasar gini suka bari a tsaye, a kwantar da ita: kowane taku ɗaya na zurfi, taku uku na faɗi. A dasa ciyawar jema a jere, tazarar taƙi guda, don ta riƙe ƙasa. Bado a cikin ruwa. Giyayya da bagaruwa a inda ambaliya ke kaiwa, domin suna jure tsayuwa cikin ruwa. Kanya, tsamiya da goruba a tudu. Itacen turare kada ya matso kusa, zuƙe damshin fadama yake yi.

Irin bagaruwa sai ya kwana a ruwan zafi kafin shuka. Goruba a binne ƙwallonta a inda za ta zauna, saiwarta na nitsewa da wuri, ba ta son ciro.

A yi dashe a Yuli, bayan damina ta zauna. Abin da ya fi kashe dashe a wajenmu awaki ne da ranin farko, saboda haka kowane tsiro na buƙatar shingen ƙaya da ban ruwa har damina ta zagayo. Muna roƙon a sa kuɗin mai gadi da mai ban ruwa na shekara biyu cikin kasafin aikin tun farko, a kuma damƙa kulawar a hannun mai unguwa da masuntan wurin.

Allah ya taimake ka.

Daga masu renon itatuwa na yankin Haɗeja