Ciwo ne ke damuna ko halina ne?

Assalamu alaikum Anti Likita,

Ni matar aure ce mai ƙananan yara, kuma na daɗe da wata damuwa da na rasa wanda zai fahimce ni a kanta.

Duk wata, idan ya rage mako ɗaya ko biyu al'adata ta zo, sai in koma wata mace daban. Abin da bai taka kara ya karya ba sai ya tunzura ni, in daka wa yara tsawa, sannan in shige ɗaki in yi ta kuka. Barci ya ƙaurace mini, nono ya yi tsami, ciki ya kumbura, amma duk waɗannan masu sauƙi ne. Abin da ke tsorata ni shi ne baƙin cikin da ke danne ni har in ji gara a ce babu ni a duniya. Da jini ya zo, cikin 'yan kwanaki sai komai ya washe, in shiga bai wa mutane haƙuri. Maigidana ya yi haƙuri sosai, amma yanzu ya fara cewa hali ne kawai, ai kowace mace tana al'ada. Wannan maganar tana yi mini zafi.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini alamun sun yi kama da ciwon da ake kira PMDD, wato matsananciyar damuwar da ke zuwa kafin al'ada, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin kundinta na cututtuka a 2019. Ta ce ba yawan homon (sinadaran jiki masu tafiyar da al'ada) ne matsalar ba, ƙwaƙwalwa ce ba ta jure hawa da saukarsu bayan fitar ƙwai. Ta shawarce ni in riƙa rubuta yadda nake ji kullum na tsawon al'ada biyu, don likita ya bambanta shi da ciwon damuwa. Na fara.

Ta kuma ambaci magungunan damuwa masu aiki a kan sinadarin serotonin na ƙwaƙwalwa, wai wasu matan rabin wata kawai suke shan su. Akwai kuma ƙwayar tsarin iyali, amma muna son ƙarin haihuwa. Anti, in na fara maganin damuwar kuma ciki ya shiga, zai cutar da jaririn? Zan iya dainawa daga baya?

Sannan don Allah ki koya mini yadda zan yi wa maigidana bayani, da abin da ya kamata ya yi a ranakun da mugun tunanin nan ya zo mini, domin ina tsoron kaina a lokacin.

Taki,
Wata mai sauraronki