A daina tilasta wa masu saye haɗa kamfani ɗaya a kan na'urar ƙara nisan Wi-Fi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da ta zama ruwan dare a shagunan kayan sadarwa, wato cewa na'urar ƙara nisan Wi-Fi ba ta aiki sai da rautar da kamfaninsu ɗaya (rauta ita ce na'urar da ke watsa intanet ta Wi-Fi a gida ko ofis). Wannan magana tana jawo wa magidanta da masu ƙananan ofisoshi asarar kuɗi, domin akwai wanda yake ajiye rauta mai lafiya ya sake sayen wata saboda ita.

Gaskiyar lamari ita ce duk na'urorin Wi-Fi a kan ƙa'ida ɗaya aka gina su, wadda ake kira 802.11, da ta fara fitowa a shekarar 1997, kuma tun 1999 akwai ƙungiyar Wi-Fi Alliance da ke gwada kayan kamfanoni dabam-dabam don tabbatar da cewa suna jituwa. Na'urar ƙarin nisa ta yau da kullum tana shiga rauta ne kamar yadda wayar hannu take shiga, da sunan layi da kalmar sirri, sannan ta sake watsa abin da ta karɓa. Saboda haka na'urar TP-Link ko ta Tenda za ta yi aiki da rautar ZTE ko Huawei irin wadda kamfanonin layin waya suke sayarwa, ba tare da wata gardama ba.

Sai dai maganar 'yan kasuwa tana da tushe, kuma adalci ne a faɗe shi. Akwai tsohon tsarin haɗa na'urori mai suna WDS, wanda ba a tsara dalla-dalla yadda za a aiwatar da shi ba, don haka kowane kamfani ya bi hanyarsa, kuma a nan lallai ana samun saɓani. Haka kuma tsarin da ke ba mutum damar zagaya gida da waya tana sauya na'ura da kanta ba tare da layi ya yanke ba, kamfanoni sun keɓe nasu: OneMesh na TP-Link ne, AiMesh kuma na Asus, kuma ɗaya ba ya karɓar ɗaya. A 2018 aka fito da EasyMesh domin a rushe wannan shinge, amma sai na'urorin biyu duka suna ɗauke da shi. Wanda ke buƙatar wannan sauƙi shi ne ya kamata a ba shi shawarar haɗa kamfani ɗaya, ba kowa da kowa ba.

Sau da yawa abin da ake ɗora wa bambancin kamfani, bambancin zamani ne ko na ƙasa. Na'urar da ke aiki a zangon gigahaz 2.4 kaɗai ba za ta ga layin gigahaz 5 ba. Tsohuwar da ta san tsaron WPA2 kawai ba za ta shiga rautar da aka kulle a kan WPA3 zalla ba, wanda shi ma a 2018 ya fito. Abin da ya fi damuna shi ne kayan gwanjo daga Amurka, domin Wi-Fi yana da tashoshi masu lamba kamar na rediyo, kuma waɗanda aka ƙera don can sun tsaya a tasha ta 11, alhali rautar da ke nan tana iya zaɓar ta 12 ko ta 13 da kanta, sai mai gida ya ga abu ya yi aiki jiya, yau ya ƙi. Maganin bai wuce a shiga saitin rauta a tsayar da ita a tasha ta 1, ko ta 6, ko ta 11 ba.

Ya kamata kuma a riƙa gaya wa mai saye cewa na'ura mai rediyo ɗaya, wato ɓangaren da ke karɓa da aika sigina, tana rage saurin intanet da kusan rabi, tunda ita ce mai karɓa kuma ita ce mai aikawa, kuma dole a ajiye ta a tsakiyar tafiya tsakanin rauta da wurin da sigina ba ta kaiwa, inda sigina take da ƙarfi, musamman a gidajenmu masu katangar bulo da ƙofofin ƙarfe.

Kirana ga masu shaguna shi ne su tambayi mai saye irin rautar da yake da ita, su ba shi damar kawo ta a gwada a gabansa kafin ya biya. Ina kuma roƙon Hukumar Sadarwa ta Najeriya, wadda ke da alhakin amincewa da kayan sadarwa kafin a sayar da su, ta wayar da kan jama'a a kan wannan batu da harsunan gida.

Wassalam.

Mai karatunku daga Zariya