Katin waya ga masu amsa tambayoyin lafiya: a ba da kaɗan, amma ya iso da wuri

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin ma'aikatun lafiya, jami'o'i da ƙungiyoyin da suka koma yi wa jama'a tambayoyi ta wayar salula maimakon bi gida-gida. Kuɗin mota da mai da alawus sun yi tsada, ga wuraren da rashin tsaro ya hana shiga. A 2020, lokacin korona, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Bankin Duniya ta waya suka riƙa bibiyar halin da gidaje ke ciki. Sai dai kira daban, samun mai amsawa daban. Da yawa ba sa ɗaukar baƙuwar lamba, wasu kuma da sun ji muryar na'ura sai su katse. Shi ya sa ake sa wa wanda ya kammala kati.

Katin yana aiki, an gwada. Masu bincike na jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun yi gwaji a Bangladesh da Uganda, aka buga sakamakon a 2019. Kwamfuta ce ke haɗa lambobi ta kira, murya da aka naɗa ta yi tambaya kan taba, abinci, hawan jini da ciwon suga, mutum ya danna lamba ya amsa. An raba mutanen gida uku. Na farko ba a ba su komai ba. Na biyu an yi musu alkawarin kati, na taka 50 a kuɗin Bangladesh, na shilin 5,000 a kuɗin Uganda. Na uku an sa su a ƙuri'a mai kyauta babba, inda mutum 1 cikin 20 ke ci. A ƙasashen biyu, masu kati da masu ƙuri'a sun fi na farko haɗin kai.

Amma a wajenmu, ba mu ba da shawarar ƙuri'a. Ko da mutum bai zuba ko kwabo ba, da yawa za su ji tana warin caca, kuma kalmar "za ka iya cin kyauta" ita ce ainihin bakin 'yan damfara. Mutum 19 cikin 20 za su tashi a tutar babu, su ce yaudara ce, su gaya wa maƙwabta. Gara ɗan kaɗan da kowa zai samu.

Nawa za a ba da? Abin da ake biya shi ne lokacin mutum da cajin batirinsa, musamman a ƙauyen da sai an kai waya wajen mai caji an biya. A ganinmu, ga tambayoyin minti 10 zuwa 15, katin N500 zuwa N1,000 ya isa, kuma a sake duba adadin duk lokacin da farashi ya motsa, kamar ƙarin kashi 50 cikin 100 da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya a farkon 2025. In kuɗin ya yi yawa, sai ya zama abin farauta: mutum ya riƙa danna 1 a kowace tambaya don ya kai ƙarshe, ko ya ƙara wa kansa shekaru. Don haka kada a faɗi shekarun da ake nema kafin a tambayi mutum nasa, kuma a ware duk amsar da aka gama cikin lokacin da bai isa a saurari tambayoyin ba. Kada kuma a ɗaura katin a kan sai an amsa kowace tambaya. Wanda ya tsallake tambayar juna biyu ko ta shaye-shaye haƙƙinsa ne, a ba shi katinsa. Duk wannan ya kamata ya shiga takardar da ake kai wa kwamitin kula da ɗa'ar bincike kafin a fara.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wajen tura katin, kuma nan ne masu tsarawa suka fi yin sakaci. Tun 2013 mutum na iya sauya kamfani ya riƙe lambarsa. Lambar da ta fara da 0803 ba lallai ta MTN ce ba a yau. In manhajar turawa ta dogara da farkon lamba kawai, katin ba zai shiga ba, a takarda kuwa an rubuta an biya. Dole a tantance kamfanin kowace lamba, a kuma duba rahoton waɗanda ba su shiga ba kowace rana, a sake turawa. Sai bashin kati. Mutane da yawa suna cin bashi ta *303#, to da zarar kati ya shigo kamfani zai zare bashinsa. Mutum ya danna *310# ya ga babu komai, ya ce an cuce shi. Maganin wannan shi ne saƙo ya biyo bayan katin nan take, da Hausa, ya faɗi adadin da aka tura, ya kuma ce in akwai bashi za a cire. Lokaci ma yana da muhimmanci. Alkawari kaya ne, a sauke shi cikin awa 24, domin binciken da za a sake kiran mutane bayan wata guda ba ya jure jinkiri. Wanda bai ga katin zagayen farko ba ba zai ɗauki kira na biyu ba. A tura katin kai tsaye cikin layi. Lambar kati da aka aiko ta tes wahala ce ga wanda bai iya karatun boko ba, sai ya nemi mai sa masa.

Jimlolin farko na kiran su faɗi sunan hukumar, tsawon lokacin, adadin katin, da cewa kiran kyauta ne. A faɗa ƙarara cewa ba za a tambayi BVN, NIN ko lambar asusu ba. In da hali, a yi sanarwa a rediyo kwana biyu kafin a fara, a faɗi lambar da za ta kira. A kauce wa lokutan salla, da tsakar ranar Juma'a, da dab da buɗa-baki a watan azumi. Lambobin da aka ajiye don tura kati a raba su da amsoshin, a goge bayan an gama biya, kamar yadda ruhin dokar kare bayanai ta 2023 ya nuna.

Abin da kati ba zai gyara ba shi ne wanda ba ya kan layi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 55 cikin 100 na mata ne ke da waya, maza kuwa kashi 81, kuma giɓin ya fi faɗi a karkara. A gidaje da yawa wayar maigida ce. In matarsa ta amsa, katin layinsa zai shiga, tambayoyin haihuwa kuma a gabansa za ta amsa su. Mace ta kira mace, ta fara tambayar ko lokacin ya dace, hakan ya fi ƙarin kuɗi amfani. Yankunan da babu sabis, ko inda aka rufe shi kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021, ba za su fito a lissafi ba ko nawa aka ware. Muna kira ga duk hukumar da za ta fitar da sakamakon irin wannan bincike ta faɗi lambobi nawa aka kira, nawa suka kammala, mata nawa, 'yan karkara nawa, da kuma mutum nawa katinsu bai shiga ba.

Mun gode, Edita.

Daga wasu ma'aikatan tattara bayanan lafiya,
Kano