A daidaita adireshin intanet na hukumomi da makarantunmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci a kan matsalar da nake fama da ita a shagona na kwamfuta da ke Ƙofar Ƙaura, inda ɗalibai ke zuwa cike fom da duba sakamakon jarrabawa.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo daga Batagarawa da takardar sanarwar wata makaranta a ninke cikin aljihu, yana son a yi wa 'yarsa rajista. Adireshin da ke takardar ya fara da www, wanda ke allon makarantar ba shi da su, wanda aka turo wa yarinyar ta WhatsApp kuwa da .com ya ƙare. Na gwada duka ukun a gabansa: na farko ya buɗe, na biyu ya ƙi, na uku ya nemi a tura kuɗi asusun wani mutum. Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ɗana, wanne ne na gaskiya?"

Abin takaicin shi ne ba ƙa'ida aka rasa ba, domin tun 2005 aka fitar da wadda ake kira RFC 3986, wadda ta fayyace tsarin adireshi. Sunan shafi bai damu da babban baƙi ko ƙarami ba, amma abin da ya biyo bayan karkatacciyar sanda (/) yana iya damuwa, ta yadda /Rajista da /rajista za su zama ƙofofi biyu daban. Baƙaƙenmu masu lanƙwasa ma suna da tasu rigimar, don idan aka kwafi adireshi mai ƙ, sau da yawa sai ta rikiɗe ta koma %C6%99, abin da ba mai iya karanta wa wani ta waya.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatu da manyan makarantun Jihar Katsina da kowace ta tsayar da adireshi guda, gajere, da ƙananan baƙaƙe, mai farawa da https, a ƙarƙashin .gov.ng ko .edu.ng, kamar yadda kowane ɗalibi ya haddace jamb.gov.ng. Sauran sigogin, da mai www da marar shi, a saita su su riƙa kai mutum can kai tsaye, kuma shi kaɗai za a buga a takarda, a rubuta a allo, a karanta a rediyo.

Dattijon nan dai sai da ya hau acaɓa ya je makarantar ya tambayo, sannan muka cike fom ɗin bayan la'asar.

Naka,
Mai shagon kwamfuta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.