Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Fitilun Dandamalin Ɗakin Taro

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Girma Dagaci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma irin ta 'ya'ya ga ubansu, muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Mu ne masu amfani da ɗakin taro na garin nan: 'yan wasan kwaikwayo, malaman Islamiyya masu yin walimar sauka a can, iyayen yara da masu sharar wurin. Mun kawo kukanmu gare ka ne domin ba mu da uban da ya wuce ka.

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, bayan la'asar, yaran makaranta na kan dandamali suna gwajin wasan da za su nuna, sai ƙwan ɗaya daga cikin tsofaffin fitilun halojin ɗin nan, wato fitilun lantarki masu ƙwan gilas mai tsananin zafi, ya tarwatse a kansu. Gilas mai zafi ya zubo kan labule, labulen ya fara ci, ɓarɓashi ya ƙona wata yarinya a wuya da hannu. Yara suka ruɗe suka yi ƙofa suna tattaka juna. Da yashi da bokitin ruwa aka kashe wutar, don ko tukunyar kashe gobara ɗaya babu a ɗakin. Allah ne kawai ya tsare, ranka ya daɗe. A wannan bushewar hunturu, da wutar ta kai silin, da yanzu zaman makoki muke yi.

Ba fitilun ado muke magana a kai ba. Fitilun aiki ne, waɗanda ake kunnawa tun daga shara da jera kujeru har gwaji da kwashe kaya, su ne suka fi kowace fitila daɗewa a kunne. Guda takwas ne, kowace tana jan wat 500, wato wat 4,000 ke nan, kuma mafi yawan wannan wutar zafi take zama. Gilashin ƙwan halojin yakan wuce maki 250 na zafi a ma'aunin Celsius, shi ya sa ko taɓa shi aka yi da hannu wajen sakawa, maiƙon yatsa kan sa ya fashe daga baya. Ƙwan da ya yi ƙarko yakan kai kimanin awa 2,000 ne, namu kuwa ba sa kaiwa, saboda hawa da saukar wuta. Duk ƙwan da ya mutu, sai ɗan wani ya hau tsani mai rawa ya canza shi. A watan Afrilu kuwa ba mai iya tsayuwa ƙarƙashinsu sai mai taurin rai.

Fitilar LED mai wat 100 za ta ba da hasken da ya kai na waccan, takwas ɗin duka wat 800. Ba ta ɗaukar wannan zafin, kuma mai kyau takan yi sama da awa dubu goma tana aiki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin man janareta ya fi ƙarfinmu, karo-karo muke yi kafin kowane taro. Ƙasashen Tarayyar Turai ma tun 2018 suka fara hana sayar da yawancin ƙwayayen halojin.

Mun faɗa, ranka ya daɗe. Mun rubuta, mun aika wakilai, mun zauna a benci muna jiran jami'ai, an zo an duba an tafi, an ce mu jira kasafin baɗi, baɗin ta zo ta wuce. Ba mu zargi kowa ba, amma kuɗin hayar ɗakin ba a taɓa cewa mu jira baɗi kafin mu biya ba.

Muna roƙonka da girman Allah ka sa baki wajen ƙaramar hukuma a sauke waɗannan fitilu a sa na LED. A kawo ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyi da soket tukuna, domin zafin shekaru ya busar da robarsu. Kada a haɗa sababbin da tsohon makunnin rage haske, in an yi haka ƙyaftawa za su riƙa yi. A sa musu na'urar kariya daga hawan wuta. Kuma don Allah kada a sayo jabu, araha ba ta ado. A sayo masu garanti, a nuna wa wakilanmu rasit. A ajiye tukunyar kashe gobara, a canza labulen da ya ƙone, a taimaka wa iyayen yarinyar da kuɗin magani. Kafin a yi duk wannan, a ba da umarni kada a sake kunna ko ɗaya daga cikin tsofaffin, domin wallahi ba za mu sake tsayar da 'ya'yanmu ƙarƙashinsu ba.

Akwai masu aikin wuta a cikin matasanmu da suka yarda su taya aiki kyauta, idan aka kawo kaya. Muna kuma gayyatarka, ko wakilinka, ka zo ka ga labulen da idonka. Mun bar shi yadda yake.

Allah ya taimake ka, ya ƙara maka imani.

Mu ne naka masu biyayya,
Wakilan masu amfani da ɗakin taro.

Kwafi: Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma.